Daga Jakada Zuwa Kwamfuta: Tarihin Duba Lafiyar Hanyoyin Sadarwa a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Hausawa kan ce lafiya ce ke ɓuya. Watau idan an daɗe ba a ji ɗuriyar mutum ba sai a kyautata zato, domin da wani abu ya same shi da labari ya iso. Wannan magana tana da amfani wajen zaman tare, amma ga wanda aka ɗora wa nauyin kula da hanyar aika saƙo babu maganar da ta fi ta haɗari. Dalili kuwa shi ne, idan hanyar da labari zai biyo ita ce ta lalace, to, labarin lalacewar ba shi da inda zai bi ya iso. Shirun zaman lafiya da shirun katsewar hanya kamanninsu ɗaya ne ga mai sauraro, ba a kuwa rarrabe su sai an aika da tambaya an jira amsa.

Wannan lacca za ta bi diddigin yadda aka yi ta fama da wannan matsala a ƙasar Dutse da kewayenta, tun daga zamanin jakadu, zuwa zamanin wayar tangarahu da tarho, har zuwa yau da kwamfuta ke ƙwanƙwasa ƙofar 'yar'uwarta dare da rana tana tambayar ko tana nan. Abin ya shafi ɗalibai da ma'aikatan gwamnati kai tsaye, tun da yake albashi da jarrabawa da rajistar makaranta duk sun koma bisa waɗannan hanyoyi.

Zamanin Jakadu

A ƙarni na 19 Dutse tana cikin manyan garuruwan gabashin ƙasar Kano. Tsakaninta da birnin Kano akwai fiye da kilomita 100, watau tafiyar kwana uku ko huɗu ga mai tafiya a ƙasa. Galibin hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki, jakadu ne ke kai da komowa tsakanin fada da garuruwa, suna kai umurni, suna karɓo haraji da gaisuwa, suna kuma kawo labarin halin da ƙasa take ciki. Wasiƙun da suke ɗauke da su da Larabci ake rubuta su, ana buga musu hatimi domin a tabbatar da inda suka fito.

Ƙasar Dutse da Birnin Kudu bakin daga ce a wancan lokaci. Daga kudu akwai hare-haren Ningawa, daga arewa maso gabas kuma akwai yaƙe-yaƙen Sarkin Hadejiya Buhari a tsakiyar ƙarnin. A irin wannan hali, zuwan manzo kansa labari ne, ko da bai zo da wata sabuwar magana ba, domin isowarsa ta nuna hanya a buɗe take, garin yana nan, kuma yana kan biyayya. In lokacin da aka saba ganinsa ya wuce bai zo ba, fada ba za ta iya sanin ko ciwo ne ya kwantar da shi a zango, ko mahara ne suka tare hanya, ko kuwa garin ne ya juya baya ba. Abin da ya rage shi ne a tashi wani manzo ya bi sawu.

A nan ana iya ganin ginshiƙai uku waɗanda har yau ba su sake ba. Na farko, a san lokacin da ya kamata amsa ta zo. Na biyu, a yanke iyakar jira, wadda in an wuce ta za a ɗauka akwai matsala. Na uku, a san wanda zai tashi ya bincika, da wanda za a kai wa rahoto.

Zamanin Wayar Tangarahu

Wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Ingila a shekarar 1886. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Hadejiya a 1906, kuma duk inda mulkinsu ya kafu sai waya ta biyo baya. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga bisani aka ja reshe ta Ringim da Malam Madori har Nguru, inda ya isa a 1930. Dutse ba ta kan wannan layi. Ta zama gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano, saƙonninta kuwa suka ci gaba da dogara ga dogarai da masinjoji da rangadin Di'o. Amma a tashoshin jirgi na arewa da ita wani sabon tsari ya shigo. Da yake layin dogo ɗaya ne tak, mai kula da tasha ba ya sakin jirgi sai ya buga wa tashar gaba waya ya tambaya ko hanya a buɗe take, ya kuma sami amsa. In amsa ba ta zo ba jirgi ba ya motsawa, domin an ɗauki shiru a matsayin haɗari, ba a matsayin izini ba.

Masu aikin tangarahu a duniya sun koyi wannan darasi da tsada. Wayar farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858 ba ta yi aikin wata guda ba ta mutu. Daga nan masana suka dage wajen gano hanyoyin auna lafiyar waya. Sun lura cewa wayar ƙarfe tana yi wa wutar lantarki tirjiya gwargwadon tsawonta, saboda haka in aka auna tirjiyar daga ofis ana iya ƙiyasta nisan wurin da ta tsinke ko ta taɓa ƙasa. Da wannan sai gwajin layi ya zama aikin yau da kullum a gidajen waya: a kira tashar gaba, a ji amsarta, a rubuta a littafi, in an ga alamar rauni a tura masu gyara su bi turaku. A ƙasa irin tamu abokan gaban waya sanannu ne, watau gara mai cin turakun itace, da gobarar daji, da guguwar farkon damina.

Zamanin Tarho da Kafuwar Jiha

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho a duk ƙasar ba su kai 19,000 ba, mafi yawansu kuma a ofisoshin gwamnati da kamfanoni suke. Ma'aikatar Gidan Waya ce ke kula da na cikin gida. A 1985 aka haɗe sashen tarho nata da kamfanin da ke kula da wayar ƙasashen waje aka kafa NITEL.

Ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse hedkwata. Garin da jiya yake hedkwatar ƙaramar hukuma sai ga shi yau yana ɗauke da ma'aikatu, yana bukatar magana da Legas da Abuja da dukan ƙananan hukumomin jihar. Lambobin tarho na Dutse a ƙarƙashin lambar Kano suke, watau 064. A wannan zamani mai kira shi ne ma'aunin lafiyar layi: in ya ɗaga kan tarho bai ji sauti ba, ya san layi ya mutu, sai ya kai ƙara ya jira. Inda tarho bai kai ba ana amfani da rediyon oba-oba, wanda ke da tasa al'adar ta kiran tashoshi a ƙayyadadden lokaci don a ji ko kowace tana ji. Inda wannan ma babu, sai mota da direba da takarda.

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, da doka mai lamba 75 ta 1992. A watan Janairu na 2001 ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta na shekarar kuma kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Kafin lokacin, layukan da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Cikin 'yan shekaru sai waya ta shiga hannun manomi a Jahun da ɗan kasuwa a Shuwarin, kowa kuma ya koyi duban 'yan sandunan da ke goshin wayarsa don ya san ko akwai sabis. Waɗannan sanduna su ma sakamakon gwaji ne, domin wayar tana auna ƙarfin siginar da ke zuwa daga turken sadarwa mafi kusa. Sai dai ba sa faɗin abin da ke bayan turken, shi ya sa akan ga sanduna cike amma kira bai shiga ba.

Yadda Kwamfuta Ta Koyi Sallama

A wata nahiyar kuma, tun 1969 aka fara haɗa kwamfutocin jami'o'i a Amurka cikin tsarin da aka kira ARPANET, wanda shi ne kakan intanet. Saƙon farko da aka gwada aikawa ran 29 ga Oktoba na shekarar, haruffa biyu kawai suka isa sai na'urar da ke karɓa ta tsaya. Injiniyoyin kamfanin BBN, waɗanda suka ƙera na'urorin da ke raba saƙo, sun tsara kowace na'ura ta riƙa yi wa maƙwabciyarta sallama a kai a kai, ita kuma ta amsa cewa ta ji. In an yi sallama sau da dama a jere babu amsa, sai a ɗauka layin ya mutu, a karkatar da saƙo ta wata hanya. Kazalika kowace na'ura tana aika rahoton halin da take ciki zuwa wata cibiya guda. Ta haka ma'aikatan cibiyar sukan buga wa kamfanin tarho waya su gaya masa layinsa ya sami matsala tun shi bai sani ba.

A 1981 aka wallafa ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kansu har yau, a cikinsu har da saƙon neman amsa-kuwwa. A watan Disamba na 1983 wani masani mai suna Mike Muuss ya rubuta wata 'yar manhaja da ke amfani da wannan saƙo, ya sa mata suna ping, yana kwaikwayon ƙarar na'urar da jiragen ruwa ke aika sauti da ita cikin teku su saurari dawowarsa. Aikinta shi ne ta aika ɗan ƙunshin saƙo zuwa wata kwamfuta, ta jira ya dawo, ta faɗi tsawon lokacin da ya ɗauka da adadin waɗanda suka ɓace a hanya.

Amma amsar ping ba ta wadatar ba, kuma wajibi ne ma'aikaci ya fahimci dalili. Babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, wadda ake kira uwar garke, tamkar sakatariya ce mai ofisoshi da yawa, kowane da lambar ƙofarsa. Shafukan intanet suna ƙofa ta 80 da ta 443, wasiƙun imel suna ta 25, sashen da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobi yana ta 53. Ping yana tabbatar da cewa ginin yana nan kuma hanyar zuwa gare shi a buɗe take, ba ya faɗin ko akwai kowa a ofis. Saboda haka ake yin gwaji na biyu, watau ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gwaji ya nemi izinin shiga, uwar garke ta amsa, shi kuma ya tabbatar mata ya ji amsar. Sakamako ɗaya ne cikin uku: ko a buɗe, ko a ce ƙofar a rufe take, ko a yi shiru har lokacin jira ya ƙare. Kowane da fassararsa, domin ƙin buɗewa yana nuna kwamfutar tana da rai amma aikin ya tsaya, shiru kuwa yana iya nufin hanya ta katse, ko wuta ta ɗauke, ko wani shinge ya hana wucewa. Sa'an nan akwai gwaji na uku, wanda ya fi su duka: a nemi ainihin shafin, a duba ko abin da ya fito shi ne abin da ake tsammani, domin ana iya samun ofis a buɗe, akawu yana zaune, amma fayil babu. Manhajoji irin su Nagios, wadda ta fara fitowa a 1999 da sunan NetSaint, aikinsu ke nan: su maimaita waɗannan gwaje-gwaje kowane 'yan mintoci, su rubuta sakamako, su tashi mai gadi in an sami kuskure sau da dama a jere.

Intanet a Dutse

Jigawa tana cikin jihohin da suka fara rungumar wannan fasaha. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, gwamnati ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse domin samar da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta kuma buɗe Cibiyar Informatics a Kazaure a 2001 domin horar da matasa. Tauraron da irin waɗannan faya-fayai ke kallo yana nisan kusan kilomita 36,000 a sama. Kafin tambaya ta je amsa ta dawo, sai saƙo ya ratsa wannan nisa sau huɗu, watau kilomita 144,000. Tun da saurin haske kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, amsa ba za ta taɓa dawowa cikin ƙasa da kusan rabin daƙiƙa ba, ko da komai lafiya yake. Wannan ya nuna cewa mai gwaji ba zai gane rashin lafiyar layi ba sai ya fara sanin yadda layin yake in yana lafiya.

Daga 2010 sababbin wayoyin gilashi na ƙarƙashin teku, MainOne da Glo-1, suka fara aiki a Legas, WACS da ACE suka biyo baya, wayoyin gilashi na tudu kuma suka bi gefen manyan hanyoyi zuwa Arewa. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013. A 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, a shekarar ne kuma Gwamnatin Tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya, wanda ya sa biyan kuɗin makarantun tarayya ya koma ta intanet. Daga nan katsewar layi ta daina zama damuwar injiniya kaɗai. Ta zama damuwar ɗalibin da ya taso daga Gwaram ko Miga da kuɗin mota na rana guda, da ma'aikacin da iyalinsa ke jiran albashi.

Saƙon da ya tashi daga wani ofis a Dutse yana ratsa matakai da dama: na'urar ofis, wutar da ke riƙe da ita, turke ko wayar gilashi, manyan cibiyoyi a wasu birane, wani lokaci har teku. Kowane mataki ya taɓa yankewa. A watan Yuli na 2009 lalacewar wayar SAT-3 ta gurgunta intanet a Nijeriya. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa, bankuna da dama suka kasa aiki yadda ya kamata. A watan Oktoba na 2024 mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Akwai kuma katsewar ganganci, kamar yadda aka rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da Zamfara a 2021, saboda dalilan tsaro. Ga wanda ke tsaye a bakin kanta duk waɗannan suna da suna ɗaya, watau babu sabis. Gwaji mataki-mataki ne kaɗai ke nuna inda igiyar ta tsinke, da wanda alhakin gyara ya rataya a wuyansa.

Muhimmancin Rubuta Sakamako

Amfanin gwaji bai tsaya ga tashin mai gyara ba, shi ne kuma hujja a wajen hisabi. A watan Mayu na 2012 NCC ta ci tarar manyan kamfanonin waya huɗu jimlar naira biliyan 1.17 saboda rashin cika ma'aunin ingancin aiki. Da babu awo a rubuce da babu abin da za a kafa tarar a kansa.

Haka abin yake ga kowace ma'aikata da ta ƙulla yarjejeniya da mai sayar mata da intanet. Akan rubuta cewa layi zai yi aiki kashi 99 cikin ɗari na lokaci, mai sa hannu kuwa ya ga kamar an kusa kamala. Lissafi ya nuna ba haka ba ne. Shekara tana da awa 8,760, kashi ɗaya cikin ɗari nata ya haura awa 87, watau fiye da kwana uku da rabi. In aka ce kashi 99.9, abin da aka yarda a rasa ya sauko ƙasa da awa 9. In kuwa kwanaki ukun nan suka faɗo a makon rufe rajista ko a ƙarshen wata, asarar ta fi abin da adadin ya nuna nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, in mai sayarwa shi ne kaɗai mai awo, to, ya zama mai shari'a a ƙarar da aka kai shi.

Akwai kuma tambayar inda mai gwaji ya tsaya. Uwar garke da ke Abuja ko Legas tana iya amsa sallamar maƙwabciyarta a ɗaki ɗaya, a rubuta cewa komai lafiya, alhali daga Kiyawa ko Buji ba a samunta. Kazalika in na'urar gwajin tana cikin ginin da wuta ta ɗauke, ita da abin da take gadi za su yi shiru tare, babu mai kai labari.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kayan aiki sun sake, daga doki zuwa waya zuwa haske a cikin gilashi, lokacin jira ya sauko daga kwanaki zuwa ɗan ɓangaren daƙiƙa, amma sharuɗɗa ukun zamanin jakadu suna nan. Abin da ya rage ga hukumomi da makarantun wannan yanki shi ne su ɗauke su da muhimmanci. Ya kamata kowace ma'aikata ta san ayyukan da jama'a suka dogara da su, ta riƙa gwada su daga inda jama'ar suke, ba daga hedkwata kaɗai ba. Ya kamata gwajin ya kai ga ainihin aikin, kada ya tsaya a bakin ƙofa. Ya kamata a ajiye sakamako a rubuce a hannun ma'aikatar kanta, a fito da shi ranar biyan ɗan kwangila. Ya kamata kuma a ambaci sunan jami'in da ƙararrawa za ta tasa, a ba shi ikon ɗaukar mataki, a kuma tanadi wata hanya dabam da labari zai same shi in babbar hanya ta mutu.

Ga ɗalibai kuwa, wannan fanni ne da ba ya bukatar jari mai yawa. Manhajar ping tana cikin kusan kowace kwamfuta, manhajojin sa ido da dama kuma kyauta ne. Ɗalibin da ya gwada layin makarantarsa kowane minti biyar har zango guda, ya rubuta lokutan da ya yanke da tsawon kowace yankewa, zai fito da bayanin da shugabannin makarantar za su iya kafa hujja da shi a gaban kowane kamfani.